Matar da Take Mayar wa Yara Cokalinsu

Ƙarfe shida da rabi take shigowa, kafin masu aikin safe su karɓi ɗaki. Bokiti a hannun dama, tsintsiya da tsumman goge ƙasa a hagu, ta tura ƙofar ɗakin jinyar ƙananan yara da kafaɗa, ta yi sallama ƙasa-ƙasa don kada ta tashi wanda bai tashi ba. Gado ashirin da biyu ne a ɗakin, kowanne da uwa a gefe kan kujerar roba, wuya ya sage. Inna mai shara takan fara daga lungun taga, ta biyo ƙarƙashin gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a bakin ƙofa. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, kuma shekara goma sha tara ta yi tana yinsa a wannan ɗaki ba wanda ya taɓa nuna mata inda ta tsallake.

Amma ba sharar ce ta sa ake wannan rubutu ba. Masu shara suna da yawa, kuma mun ƙware wajen wuce su ba tare da mun gan su ba.

Duk wanda ya taɓa zama da ɗan shekara ɗaya ya san halinsu. Ka ba shi cokali, ya dube ka ido cikin ido, ya sake shi ƙasa. Ka ɗauko, ya sake. A karo na uku yawancinmu sai mu ce to ka huta, mu ɗora cokalin inda hannunsa ba ya kai, mu koma kan waya. A asibiti ma abin ya fi sauƙi, domin doka ta ce abin da ya taɓa ƙasa ya zama shara. Inna ta ji dokar, ta samo ƙaramin kwano ta rataya a gefen bokitinta, ta zuba ruwan magani a ciki. Yaro ya yar, ta tsinta, ta wanke, ta goge, ta miƙa masa. Ya sake yarwa, ta sake sunkuyawa.

"Inna, ki rabu da shi," wata uwa ta ce mata, "rainin hankali ne kawai."

"Ba raini ba ne, 'yata, tambaya yake yi. So yake ya san in ya saki abu ina yake zuwa, kuma ko akwai mai dawo masa da shi."

"To sau nawa zai tambaya?"

"Ke sau nawa kike tambayar babansa ko yana sonki?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da wadda ta kwana tana kuka.

Aljihun rigar aikinta ba ya rabuwa da tarkace. Kwalbar robar magani da ta wanke ta zuba tsakuwa uku ta liƙe murfin. Kwalin safar hannu da ta cusa wa ƙyalle don yaro ya yi ta jawowa. Manyan murafe da ake ɗora wani kan wani su rushe. Tana da kofin auna magani guda ɗaya wanda shi ne alƙalinta: duk abin da ya shige bakin kofin zai shige maƙogwaron yaro, don haka ba ya zuwa kusa da gado. In aljihun ya ƙare, sai ta rufe fuska da gefen ɗankwali ta ce, "Ina Inna? Ina Inna?" ta yaye ta ce, "Ga ta!" Ba ta taɓa shiga aji ba. Ta dai lura cewa yaron da ciwo ya kwantar, wasa yake fara dainawa kafin ya daina ci, kuma wasan ne yake fara dawowa. Likitoci suna da sikeli da ma'aunin zafi, ita tana da jifa. Har ya kai nas-nas kan tambaye ta a fakaice, in sun tabbatar likita ba ya ji.

"Inna, na gado huɗu fa?"

"Ya jefe ni da murfi jiya. Ku fara haɗa masa kaya."

Ke ce mai sunkuyawa, Inna. Ke ce wadda ba a taɓa ji ta ce wa ɗan wani na gaji ba.

Sai aka kawo yaron gado tara. Shekararsa ɗaya da rabi, ƙyanda ta kama shi, tamowa ta biyo baya, ya zama fata da ƙashi. Asibiti ya yi aikinsa, kada a rage masa: an ba shi magani, an ba shi madara, sikeli ya riƙa hawa har aka fara maganar sallama. Sai dai yaron ba ya duban kowa. Ba ya kuka, ba ya miƙa hannu, in an zaunar da shi ya zauna, in an kwantar da shi ya kwanta, idonsa a kan rufin ɗaki. Uwarsa tela ce, ta rufe shagonta ta tare a kan kujerar roba. Ita ce ta ba da wannan labari. Ta ce ta riƙe hannun Inna wata safiya ta ce, "Inna, jikinsa ya dawo, shi ne bai dawo ba."

Inna ta jingine tsintsiya, ta zauna a ƙasa daidai tsayin idonsa, ta sa masa cokali a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Cokalin ya zame ya faɗi. Yaron bai ko ƙifta ba. Ta wanke, ta mayar. Uwar ta ce ai ga shi yana yarwa. Inna ta girgiza kai ta ce faɗuwa daban, jifa daban. Wanda ya yi jifa yana bin abin da ido. Kullum in ta gama rabin ɗaki sai ta zauna gaban gado tara, tana ƙwanƙwasa cokali a ƙarfen gado, tana yi masa hira kamar tsohuwar ƙawa, tana ba shi labarin bokitinta da ya fara yoyo. Kwana takwas ana haka.

A rana ta tara baƙi suka zo daga hedikwata duba tsafta, ba sanarwa. Suka tarar da rabin ɗaki a jiƙe, tsintsiya a jingine, mai shara zaune dirshan a ƙasa da ɗankwali a fuska tana cewa ina Inna. Babbar sistar ɗakin tana biye da su. Ba muguwa ba ce, mace ce mai tsafta da tsoron abin kunya, kuma a ranar ta sha kunyar da ba ta taɓa sha ba. Washegari ta kira Inna ofis, ta karanta mata takardar tuhuma, tunda Inna ba ta karatu.

"An same ki kina wasa a bakin aiki."

"Haka ne, Sista."

"Ba ki da abin cewa?"

"Wasan ne bai ƙare ba. Ki bar ni da yaron nan ko na mako guda."

"Litinin za ki koma ginin ofisoshi. Dangwala a nan."

Ta dangwala. Kwana biyu suka rage mata a ɗakin, ta kuwa san haka, don haka ta riƙa zuwa ƙarfe biyar da rabi ta gama shara tsaf kafin ta zauna. Ranar Juma'a likita yana zagaye, ya sunkuya kan gado tara zai saurari ƙirji. Yaron ya damƙe cokalin, ya dubi Inna, ya wurga. Cokalin ya daki tabaran likita, ya faɗi ƙasa yana ƙara. Sai yaron ya cusa goshi tsakanin ƙarafan gado yana leƙen ƙasa.

"Inna!" uwar ta miƙe tsaye. "Nemansa yake! Wallahi nemansa yake!"

Inna ta sunkuya. Ta tsinta, ta wanke, ta miƙa. Ya sake wurgawa, wannan karon har da wata 'yar ƙara daga maƙogwaro. Likita ya gyara tabarau, ya rubuta a fayil cewa an samu ci gaba. Fayil ɗin bai ambaci cokali ba.

Da a tatsuniya ne, da an yaga takardar tuhuma a ranar. Amma takardar da aka sa wa hannu ba ta san hanyar komawa ba. Aka ce a tattara tarkacen aljihun Inna a zuba a kwandon shara, kuma tunda kwashe kwandon aikinta ne, ita ta ɗauka ta kai bola.

Shekara tara ta yi tana share ofisoshi, wurin da manya masu digiri ke jefa takarda kusa da kwando, ba mai leƙawa ya ga inda ta faɗa. Daga tagar bene takan hango rufin ɗakin yara. Ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta san ma inda ake kaiwa ba. Abin da kawai abokan aikinta suka lura da shi, in ta tsinci babban murfi sai ta juya shi a hannu, ta kai shi bakin aljihu, sannan ta tuna ta jefa a bokiti.

A shekara ta shida aka shirya taron bita na kwana uku a babban zaure. Masana suka zo da majigi, suka bayyana cewa bincike ya nuna wasa yana gina ƙwaƙwalwar yaro, cewa jariri yana koyon duniya ta hanyar taɓawa da yarwa da ɓuya, cewa yaron da ya sha ciwo yana bukatar mai yi masa wasa kamar yadda yake bukatar abinci. Aka haska hoton kwalbar roba da tsakuwa a ciki. Aka tafa. Gaskiya suka faɗa, ba wanda ya ce ƙarya suka yi. Mu dai ba ma gane gaskiya sai ta zo da majigi. Inna tana bakin ƙofa da buhu, tana tattara robobin ruwan da mahalarta suka shanye. Babbar sista, wadda ke layin gaba, ba ta tafa ba. Ta fito da takardar shaidarta a hannu, ta yi kiciɓis da Inna.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa, Sista. Sannu da karatu."

Bayan bita aka kawo kayan wasa cikin kwalaye, masu kyau, masu launi. Aka jera su a kabad mai gilashi a ɗakin yara, aka kulle don kada su yi datti ko su ɓace, aka ba babbar sista makulli. Shekara uku yara suna kallonsu ta gilashi. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Makon jiya Inna ta yi ritaya. Aka yi ɗan taro, aka ba ta agogon bango, yanzu da ba ta da inda za ta makara. Telar nan ta zo, ta ce yaron gado tara yana aji biyar, surutunsa ya ishi gida. Da aka watse, babbar sista, wadda ita ma furfura ta cika mata kai, ta riƙo hannun Inna.

"Inna, ki yafe mini."

"Na me, Sista?"

"Takardar nan."

"Ai takarda gaskiya ta faɗa, wasa nake yi. Amma in kyauta kike son yi mini, ina da agogo. Ara mini makullin nan."

Suka tafi tare. Inna ta tura ƙofar ɗakin yara da kafaɗa kamar jiya ta bar ta, ko da yake hannuwanta ba komai. Ta buɗe kabad, kayan wasan suna cikin ledarsu. Ta zaro tsohon kofin auna magani daga aljihu, shi kaɗai ne bai tafi bola ba, ta gwada su ɗaya-ɗaya, ta ware biyu masu ƙananan idanu ta ce waɗannan su koma gidan gilashi. Ta ɗauki wata ƙwallo mai ƙararrawa a ciki ta miƙa wa wata yarinya a gadon taga. Yarinyar ta juya ta, ta kai baki, ta dubi Inna, ta wurga. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado.

Inna ta yunƙura za ta sunkuya, bayan ya ƙi. Shekara ashirin da takwas na tsintsiya sun karɓi nasu. Ta tsaya dafe da ƙarfen gado, yarinyar tana leƙen ƙasa. Sai babbar sista ta tattare farar rigarta, ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin gado har kafaɗa. Ta wanke ƙwallon, ta miƙa. Yarinyar ta sake wurgawa.

"Sau nawa ake yi, Inna?"

"Har sai ita ta gaji. Ba ke ba."

Mun gode, Inna, ko da godiyar ta makara da shekara tara. Ba mu san yara nawa suka kwanta a gado tara a tsakanin nan suna kallon rufi ba, jikinsu ya dawo aka sallame su, ba wanda ya tambaya ko sun yi jifa. Wannan nauyin namu ne, ba naki ba. Ke kin yi naki da kwanon ruwan magani da baya guda ɗaya, har ya ƙare. Allah ya ba ki lafiyar bayan, ya sa jikoki su yi ta jifan ki da abin da ba ya ciwo.

Mu kuma da muka rage, masu takardun shaida da makullai, ba a nemi mu yi bita ba. Yau ko gobe wani ƙaramin mutum zai dube ka ido cikin ido ya saki cokali, sannan ya leƙa ƙasa. Ajiye wayar, ka sunkuya.