Duwatsun Mai Guduma

Ko zan manta da komai na aikin En'e, ban da ranar da aka kwance kayan duwatsu a barikin Azare. Ku da kuke tambaya me ya sa har na fara furfura ina masinja, ga amsarku.

Bayan yaƙin Bama ne na zamanin Turawa, da kaka. Aka turo wani Bature mai binciken ƙasa, muka sa masa suna Mai Guduma. Na ɗan taɓa elementare, ina tsintar Turanci, sai Di'o ya haɗa ni da shi a matsayin tafinta. Ya ce in aikin ya yi kyau za a mai da ni malamin ofis, da teburina.

Ga yadda aikin yake. Azare rairayi ce, sai wajen Shira ake ganin dutse. Bature zai hau, ya ɓallo guntu kamar goro, ya lasa, ya duba da gilashi. Wasu 'yan allurai yake nema a cikin dutsen, baƙaƙe masu ratsin kore, wai fairokisin. Ba zinariya ba ce, ba kuza ba, ko a kasuwa ba mai taya ta. Kowane guntu da 'yar jakarsa mai lamba, lambar ita ke nuna inda aka ɓallo shi a taswira. In guntu ya rabu da lambarsa ya zama shara. Tsaron jakunkunan aikina ne.

Mun sauka a wani ƙauye kusa da Disina. Dagacin dattijo ne mai karamci. Ya kira ni ya ce, "Malam tafinta, baƙon nan a garinsu yunwa ake yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ka gani?"

"Na aika masa da rago, ya ɗan taɓa, ya koma yana lasar dutse."

Na ce aikinsa ke nan. Ya jinjina kai ya ce, "To in dutse yake so, ba zai bar ƙasata da tsakuwa ba, a je a ce mun yi rowa." Na yi dariya, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne.

Ranar tashi Bature ya hau doki ya yi gaba. Ni kuwa Dagaci ya zaunar da ni a zaure da kaji da fura, kuma ba a tashi a bar akushin dagaci. Kayan suna ƙofar gida wajen masu jakai. A hanya na ji jakan suna nishi, aka ce da ni zafin rana ne.

Da muka iso bariki, Mai Guduma ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya gayyato Di'o ya ga aikinsa. Aka kwance mangala. Abin da ya fara gangarowa ɗan dutsen niƙa ne, sumul, yana ƙamshin barkono. Sai dutsen goge kaushi. Sai farin dutsen ƙanƙara da aka wanke aka shafa wa man shanu don ya yi sheƙi. Waɗanda suka ƙi shiga jaka an rataya musu jakar a wuya kamar laya, kowanne da lambarsa, ba a ɓatar da ko ɗaya ba.

Ashe wakilin Dagaci ya biyo mu. Ya durƙusa ya ce, "Malam, faɗa masa, ƙananan nan an zuba su a kududdufi don kada a ga abin kunya. Waɗannan zaɓaɓɓu ne. Yau ko gida ɗaya ba a yi niƙa a garinmu ba." Ya gyara zama yana jiran tukwici.

Na fassara kalma bayan kalma. Ban taɓa fassara mai kyau irinta ba, kuma ita ce ta ƙarshe. Mai Guduma ya yi ja kamar gauta, ya ɗaga dutsen kaushin yana kallo. Di'o kuwa dariya ta kai shi kan kujera. Da ya share hawaye ya ce a ba wakili tukwici, a kai wa Dagaci godiya, don kyauta ba laifi ba ce. Sannan ya juyo ya ce, "Wa aka ba tsaron jakunkuna?"

Washegari aka mai da ni masinja. Aikena na farko shi ne in koma ƙauyen da jakan, in bi gida gida ina mayar da duwatsun niƙa. Wata tsohuwa ta juya nata ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ba nawa ba ne. Nawa Bature ya riƙe, ko? Dama na san ya fi na kowa."

Abin da na koya shi ne, in an ba ku tsaron kayan aiki, ɓarawo mai sauƙi ne, zai ɗauki mai tsada ya bar muku saura. Ku sa ido kan mai son yi muku alheri, musamman in ya fara da kaji.