Ɗakin Ajiyar Baba Ara-Mini

Shekara talatin Baba Ara-Mini ya yi yana gadin makarantar firamare, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa sayen ko ƙusa ba. Me zai kai shi kasuwa alhali maƙwabta suna raye? Zai tsaya a ƙofar gidanka, ya gaishe ka har da kakanninka, sannan ya ce, "Ara mini sheburinka, yanzu-yanzu zan dawo da shi." Akwai wanda ya aurar da 'ya'ya biyu yana jiran wannan yanzu-yanzun.

A yi masa adalci, ba ɓarawo ba ne. Kunya ce ke ɗawainiya da shi. In abu ya yi wata a hannunsa sai ya ji nauyin mayarwa, in ya shekara kuwa sai ya ce ya ɓata. Kayan suna nan a ɗakin ajiyarsa can kan tudu, a goge, a jere, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar a leƙa ɗakin nan.

Sai aka yi ambaliya. Ruwa ya kwana biyu a unguwa, ya janye ya bar laka har gwiwa. Mutane suka fito taimakon juna, amma da me? Ruwa ya tafi da kayan aiki, sai kwasar laka ake yi da faranti da murfin tukunya. Gidan Inna mai ɗinki, wadda mijinta ya rasu bara, shi ya fi shan wuya. Wani magini ya duba bangon ɗakinta ya ce in ba a buɗe wa ruwan da ya kwanta a gindinsa hanya kafin yamma ba, zai faɗi.

Baba ya koma gida ya tsaya a bakin ɗakin ajiya yana zufa.

"Buɗe mana, Malam," in ji matarsa.

"Ke, cinye ni za su yi ɗanye."

"Su cinye. Ai ka daɗe kana cin nasu."

Haka ya gangaro gidan Inna da baro shaƙe da shebur shida, diga biyu da bokitai. Can maginin ya daka tsalle.

"Barona! Ba shi ka ce ɓarayi sun sace ba?"

"Sun tuba," in ji Baba, kansa a ƙasa.

Dariya ta ɓarke, kowa ya ɗauki nasa yana zagi yana haƙa. Baba ya fi kowa shiga laka, don can ne ba a ganin fuskarsa. Kafin rana ta faɗi ruwa ya samu hanya, bango ya tsaya.

Shebur ɗaya ya rage a hannunsa, mai ƙota naɗe da shuɗin ƙyalle. Inna ta ƙura wa sheburin ido. Ita ta naɗa ƙyallen da hannunta saboda tafin hannun mijinta, kuma ruwa ya riga ya tafi da akwatin marigayin gaba ɗaya, har hotuna.

"Shekara tara ina zaginka a kan wannan shebur," ta ce. "Ashe ajiye mini ka yi."

Ta karɓi sheburin ta rungume shi da lakarsa. Baba ya ji hawaye na neman tona masa asiri na biyu, sai ya yi gyaran murya.

"Inna, ara mini ƙyalle in goge idona. Yanzu-yanzu zan dawo da shi."