Ƙarar Da Hidde Talsma Kaɗai Ya Ji

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana iskar tekun nan mai kayar da mutum daga kan keke, za ka ji ƙofar garejin Hidde Talsma tana kuka tana hawa sama. Shekara arba'in da uku ke nan mutanen ƙauyenmu, a nan arewacin Friesland, suna tashi da wannan kukan. Kafin ya ɗora ruwan kofi a wuta, sai ya je ya ɗora bayan hannunsa a kan injin babur ɗin da ke bisa benci. In ka kawo naka da zafinsa kana cewa sauri kake yi, ko ɗan wa kake, amsa ɗaya ce: "Bar shi ya kwana. Ba na auna bawul sai inji ya yi sanyi ƙalau."

Ga wanda bai san aikin ba, a kan kowane bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a inji, akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ake kira shim, bai fi maɓallin riga ba, yana zaune a ƙarƙashin wani ɗan kofin ƙarfe. Kaurinsa ne ke tsayar da tazarar bawul, tazarar da ba ta fi silin gashi biyu ba. Babur mai bawul goma sha shida, shim goma sha shida ke nan, kowane da kaurinsa, kowane da gidansa. Hidde yana jera kwalin ƙwai biyu a gefe, ya rubuta lamba a kowane rami. Sannan ya cusa tsumma mai tsabta a ramin da sarƙar taimin, mai sarrafa buɗewar bawul, ke bi ta gangara cikin inji. Sai ya ɗauko mayen ƙarfe, ya ɗaga kofi, ya zaro shim, ya auna, ya ajiye a raminsa. Ɗaya bayan ɗaya, ba rediyo, ba waya.

Mun sha yi masa dariyar kwalin ƙwan nan, ba zan ɓoye ba. Amma wa ya taɓa mayar masa da aiki? Mai kai wasiƙunmu na dā ya yi shekara goma sha tara a kan babur ɗaya, bai taɓa tura shi da ƙafa ba. Wani Bajamushe ya zo ya nace sai an canza masa dukkan shim, Hidde ya auna, ya ce lafiyarsu lau, ya ba shi kofi ya sha, ya sallame shi. Kai ne bakaniken da ke korar aiki in babu aikin, Hidde. Irinka ba su cika kasuwa ba.

Mutum ɗaya ne ke da izinin surutu a garejin, shi ne Wopke Boonstra, tsohon makiyayin shanu, abokinsa tun suna 'yan makaranta. Kullum ƙarfe goma zai shigo da yankan kek a takarda, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya fara tsiya.

"Yau ƙwai nawa kazarka ta saka, tsoho?"

"Sun fi haƙoran da suka rage maka yawa," in ji Hidde, ko ɗagowa ba ya yi.

To, a watan Yunin bana ne Marrit, 'yar Wopke ɗaya tilo, ta kawo babur ɗinta. Likitar dabbobi ce, shekara uku tana tara hutu don ta hau babur ita kaɗai har ƙarshen arewacin Norway. Jirgin ruwan da zai tsallaka da ita daga Denmark zai tashi ranar Asabar. Ta kawo babur Laraba da yamma, ta ce, "Kawu Hidde, a duba min bawul, Juma'a da sassafe zan kama hanya."

Alhamis da hantsi ya ciro shim goma sha biyar lafiya. Wopke na gefe yana ba da labarin wata saniya da ta taɓa faɗawa kwata. Hidde ya ɗaga kofi na ƙarshe, shim ɗin ya manne a cikinsa saboda mai, kamar yadda suke yi wani lokaci. Yana cikin kawo shi kan benci, sai hannunsa na dama ya yi rawa. Wata shida ke nan hannun yana yi masa haka, bai gaya wa kowa ba. Shim ya sulluɓe, ya bugi gefen inji, ya bi ta ɗan wurin da tsumma bai gama rufewa ba.

Tik. Can ƙasa kuma, tik.

Hidde ya tsaya cak. Wopke ya ci gaba da labarin saniyarsa, bai ji komai ba.

"Wopke, yi shiru. Shim ya faɗa cikin inji."

"Haba dai! A ƙasa ya faɗi, duba ƙarƙashin benci."

"Na san ƙarar siminti. Wannan ba ita ba ce."

Ya zura mayen ƙarfe mai dogon wuya ya lalube, babu. Ya zubar da mai, ya kwance kaskon da ke ƙasan inji, ya tace man da ƙyalle, babu. Abin da ya rage shi ne a sauke injin gaba ɗaya daga jikin babur a buɗe shi, aikin kwana uku ga hannu mai lafiya ma.

Nan Wopke ya miƙe. "Kai Hidde, kana da irinsa cike da aljihun tebur. Sa wani ka rufe! Ɗan abin da bai kai maɓalli ba zai hana yarinya tafiyar da ta yi shekara uku tana mafarki? Wa ya ma tabbatar yana ciki? Kai kaɗai ka ji, kunnen naka kuma na ɗan shekara sittin da takwas ne."

"In ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta tana gudu, inji zai buga, tayar baya ta ƙulle. A kan dutse, a ƙasar mutane."

"In! In! Kullum kai da in!"

"Ba zan rufe ba."

Mai karatu, ka tsaya ka duba abin da ke gaban mutumin nan. Da ya sa sabo ya rufe, babur zai tashi da daɗin sauti, Marrit ta yi godiya ta tafi, sunansa ya zauna yadda yake, na wanda bai taɓa kuskure ba. Wataƙila ma ba abin da zai faru. Amma shi da kansa ya ɗauki waya ya kira ta. Da ta zo da takalman aikinta duk kashin shanu, bai ɗora wa man inji laifi ba, bai ɗora wa surutun ubanta ba. Ya miƙa mata hannunsa na dama a buɗe, ta ga yadda yake karkarwa.

"Ni na yar da shi, 'yata. Hannuna ne. Ba za ki samu jirgin Asabar ba."

Marrit ta yi kuka, kukan haushi. Ta ce, "Kawu, da ka san hannunka haka yake, me ya sa ka karɓi aikin?" Gaskiya kuwa ta faɗa. Wopke ya naɗe sauran kek ɗinsa ya fita, bai sake leƙo garejin ba. Kafin yamma labari ya zaga ƙauye, a shagon burodi ana ta cewa Talsma ya tsufa, ya ɓata wa yarinya hutu saboda ƙarar da babu wanda ya ji.

Juma'a ya sauke inji. Asabar jirgi ya tashi babu Marrit, shi yana tsugune yana kwance noti da hannun hagu in na dama ya ƙi. Ranar Lahadi da azahar, ranar da bai taɓa buɗe gareji ba, ya cire marfin gefe ya haska fitila. Ga shim nan, a maƙale a bayan robar da ke riƙe sarƙa, tsakaninsa da haƙora bai kai faɗin farce ba. Ramin hanya ɗaya ya isa ya girgizo shi.

Bai taɓa shi ba. Ya wanke hannu, ya taka har gidan Wopke, ya ce su zo su gani da idonsu. Marrit ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a ƙasa daɓas. Wopke ya sa tabarau ya leƙa. Sai ya kama hannun Hidde mai rawa da hannayensa biyu, ya riƙe gam.

"Ni na ce ka rufe," in ji shi. "'Yata ce, kuma ni na ce ka rufe."

Marrit ta samu wani jirgin bayan mako guda. Hutun ya gajarce, ba ta kai ƙarshen arewa ba, amma ta je ta dawo da ƙafarta. Shi kuwa Hidde, ranar da ya miƙa mata makulli ya faɗa wa kowa cewa wannan ne injinsa na ƙarshe. Ƙarshen watan nan zai rufe gareji.

Kai ne ka yi shekara arba'in da uku ba a kama ka da kuskure ba, Hidde, kuma da kuskuren ya zo, kai ka kama kanka. Wallahi da wannan na fi alfahari, fiye da duk injinan da ka tayar. Mun gode, mai kunnen gaskiya. Mun gode a madadin duk wanda ya hau babur daga hannunka ya koma gida ya ci abincin dare da iyalinsa.

Ku kuma masu aikin hannu, kanikawa da magina da masu jinya, wata rana wani abu zai sulluɓe muku, ba kowa a wurin da ya lura. Ku yi yadda tsohon nan ya yi, ku ajiye sufana ku faɗa. Shi ya rasa sana'arsa a kan haka, ga Marrit nan kuwa kowace safiya tana wucewa ta ƙofar gidan ubanta tana danna masa ham.