Sista Kaltume da Tambayar Fashin Sallah

Kun gani, kun kau da kai. Kun ga ƙwayoyin maganin kurajen fuska da 'yan uwanku suke shigowa da su a jaka in sun dawo daga kwas a Ingila, ana miƙa wa ƙanne da amare kamar tsarabar alewa. A jikin kwalin an rubuta ƙarara cewa kada mai ciki ta sha, domin yana nakasa ɗan da ke cikin: kunne, zuciya, ƙwaƙwalwa. Kuna jin Turanci, da shi kuke cin abinci a ofisoshin gwamnati. Amma ba wanda ya buɗe baki, wai kunya.

Sista Kaltume Labaran ba ta kau da kai ba. Ita ce mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Unguwar Dosa, kuma ƙarshen watan nan take ajiye aiki. Kullum da safe motar haya take shiga daga Hayin Banki. Tana isa ta goge kantar ba da magani, sannan ta jawo wata kujera ta katako ta ajiye bayan labule. Ba ta zama a kanta. Ta matan da za ta yi wa tambaya ce.

Sista ta san abin da littafin magani bai faɗa ba. Littafi ya ce a tambayi mace ko tana da ciki. Ita kuwa ta san amaryarmu ba ta amsa cikin fari a gaban manya, ko da ya kusa fita daga zane. Sunkuyar da kai za ta yi, mai tambaya ya ɗauka a'a ce.

Bara Hajiya Hansai ta kawo matar ɗanta, Rahmatu, wadda ba ta daɗe da tarewa ba. Ta zaro kwalin maganin daga jaka ta ɗora a kan kantar.

"Sista, ɗana Tijjani ne ya kawo wa ƙanwarsa, ta warke, wannan ya rage. Nawa yarinyar nan za ta riƙa sha? Akwai biki gabanmu, dubi fuskarta kamar an watsa gero."

Sista ta dubi kwalin, ta dubi yarinyar. Ta lura tun shigowarsu Rahmatu take toshe hanci da gefen gyale saboda turaren Hajiya.

"Hajiya, ara mini 'yarki kaɗan. Ga benci can a inuwa."

"Ni ma ai uwarta ce. Me za a ɓoye mini?"

"Shi ya sa. Wa ya taɓa jin an yi zancen mata gaban uwa?"

Hajiya ta fita tana ƙunƙuni, wai ma'aikatan zamani sun fi likita iyayi. Bayan labule Sista ba ta ambaci ciki ba. Ta zaunar da yarinyar, ta sassauta murya.

"'Yata, yaushe rabonki da fashin sallah?"

Rahmatu ta daɗe tana wasa da zoben hannunta. Can ta ce, "Tun kafin azumi, Sista. Ko rana ɗaya ban sha azumin ba."

"Wannan fa, kin haɗiya?"

"Yau da dare Hajiya ta ce in fara."

Awon fitsari ya tabbatar. Sista ta fito ta ce wa Hajiya kwalin nan ba zai koma gida ba, kuraje kuma a bar su su ci biki. Hajiya mace ce mai ganewa. Ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah Ya raba lafiya." Yaron yanzu yana rarrafe, da kunnuwansa biyu.

Ba duka ta tare ba, ita ce kuma ta fara faɗin haka. Akwai wata daga Rigachikun da ƙawarta ta ba ta ragowar nata, ba ta biyo ta asibiti ba sai bayan ta haihu. Sista ta ga jaririn. Ba ta son bayyana yadda yake, sai dai ta ce tun ranar ba ta ƙara barin mace ta wuce labulen nan da sunkuyar da kai kawai ba. Wadda likita ya rubuta wa maganin, sai an yi awo, sai an kira mijin an gaya masa ba ciki muddin tana sha, har wata guda bayan ta daina. Maza sun zage ta, sun ce tana shiga tsakanin miji da mata. Ta ce su zaga, in dai sun ji.

Sista, ke ce kika sayar da kunyarki kika sayo lafiyar 'ya'yan da ba za su taɓa sanin sunanki ba. Uwar marasa baki, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma, ita dai za ta tafi, ƙwayoyin kuwa suna nan cikin durowarku. Yau ku fito da ragowar, ku mayar wa mai magani, kada ku ba kowa. In ƙanwarku ko matarku za ta sha, ku kai ta awo, ku bar ta ta amsa ba a gaban manya ba. In kunya ta hana ku yin tambayar, ku nemo macen da za ta yi, kafin a haɗiyi ta farko.