Soeun da Cediyar Gadar Macizai

Shekara talatin da takwas ke nan, kafin mata su ɗora tukunyar shinkafa, Prak Soeun ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sauka ƙarƙashin tsohuwar gadar dutsen ƙauyenmu, wadda sarakunan Khmer suka gina tun zamanin kakannin kakanni. Aikin nasa ba abin a zo a gani ba ne. Tsuntsu ya ci 'ya'yan cediya, ya yi kashi a tsagar dutse, tsiro ya fito, Soeun ya sa 'yar wuƙa ya zaƙulo shi har saiwa. Baƙi kan tsaya ɗaukar hoton macizan dutsen da ke bakin gadar, ba wanda ya taɓa leƙawa ƙasa ya gan shi.

Tsiro ɗaya ne ya riga shi. A shekarun yaƙi, da aka kwashe mutane daga ƙauyen, wata cediya ta samu sake ta girma a kan ƙafar gadar ta uku. Da aka dawo, sai aka ce kakan gari, wato iskan da ke tsaron ƙauye, a cikinta ya zauna jiran mutanensa. Aka ɗaura mata ƙyalle ruwan ɗorawa irin na malaman haikali, kuma bishiyar da ta sha wannan ƙyalle ba a sa mata gatari. Shi kuwa Soeun kullum yana ƙasa yana kallon saiwarta tana buɗe marmara, har tsagar ta soma cin hannunsa. Da damina gadar nan ce kaɗai hanyar kasuwa da asibiti.

Da ya faɗa a taron gari cewa sai an sare ta, tsohuwa Lang mai daddawar kifi ta taso masa. "Kai Soeun, ɗan ƙarƙashin gada, kai ne za ka kori wanda ya tsare mu? In ka taɓa ta, kar ka ƙara tako rumfata."

"Iya Lang, ba korarsa zan yi ba. Gidansa ne zai faɗa ruwa da shi."

Daga nan ya tokare tsagar da itace, ya jira har guguwa ta karya reshen cediyar da kanta, ya dasa shi a bakin gaɓa. Shekara huɗu yana yi masa ban ruwa, gabansa na faɗuwa duk ranar da kogi ya cika. Da reshen ya yi inuwa, ya kafa wa kakan gari ɗan ɗakin katako a gindinsa, ya roƙi malaman haikali suka yi addu'a suka mayar da ƙyallen can. Sannan ya sare tsohuwar cediyar, kaɗan-kaɗan, wata biyu cur. Lang ta daina amsa gaisuwarsa.

Kai ne ka ɗauki zagi ka bar mana gada, Soeun, mai haƙurin da ya ishi gari. Mun gode. Yanzu gwiwa ta ce ya isa, ka ajiye igiya, saura mu: duk wanda ya ga tsiro a tsaga, ya sunkuya ya cire.

Ranar sallamarsa ma an ga Lang, da sandarta, ta duƙa da ƙyar gindin macijin dutse ta tuge wani ɗan tsiro. Ta damƙa masa a hannu, ta ce, "Kar ka ce komai. Ka biyo ka karɓi daddawarka."