Awa Guda a Benen Tokyo, Wurin Ƙanena Lawali

Yamai, Talata

Ƙarfe uku da rabi na asuba taksin Hamani ya tsaya ƙofar gidanmu a Yantala. Inna ta riga ni tashi. Tana zaune bakin gado da ledar kilishi a cinyarta, idanun nan nata da suka daina gani suna kallon bango.

"Issufu, ka ce wa Lawali ba kuɗi nake so ba. Ya zo in shafa fuskarsa."

"In Allah ya yarda tare za mu dawo, Inna."

Lawali ƙanena ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya tafi Japan, yana ce mana yana aiki a kamfanin da ke tura motoci Afirka. Wata bakwai da suka wuce ya daina ɗaga waya, sai dai saƙon rubutu jefi-jefi. Na sayar da filina na Bobiel, na sha wahalar biza, na kama hanya.

Muka ratsa unguwar Plateau babu kowa sai masu gadi. Ƴan sanda suka tsayar da mu sau ɗaya, suka haska fasfo, suka ce a sauka lafiya. Hamani ya ce, "Alhaji, ka taho mini da mota ko ƙarama ce." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shida saura kwata jirgi ya ɗaga.

Istanbul

Awa shida a sama, awa tara a kan kujerar ƙarfe. Na sayi shayi da burodi a kuɗin da zai ciyar da gidana kwana biyu. Na rubuta wa Lawali lokacin saukata. Ya amsa da kalma biyu: "To, Yaya."

Tokyo, Laraba da yamma

Bayan awa goma sha ɗaya muka sauka. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe jakata da farin safar hannu, ya ɗaga ledar kilishi, ya sunkuya mini har sau biyu, sannan ya nuna mini hoton nama da jan layi a kai. Ba a shiga da nama ƙasarsu. Ina kallo ya saka kilishin Inna cikin wani akwati ya rufe.

Lawali bai zo tarbata ba. Ya turo mini sunan tasha. Jirgin ƙasa ya ci yen dubu uku, wajen jikka goma sha biyu a kuɗinmu na sefa, tafiyar awa ɗaya da minti ashirin. Mutum ya fi ɗari a taragon, ban ji tarin kowa ba. Masaukin da ya kama mini ba ɗaki ba ne, rami ne a jikin bango, tsawon mutum, wani bisa wani. Na shiga na kwanta, na tuna kabari, na fito na zauna a matakala har gari ya waye.

Alhamis

Ya ce in same shi ƙarfe bakwai na yamma a wata unguwa kusa da tashar Shinjuku. Titin fitilu ne tun daga ƙasa har saman benaye, da manyan hotunan ƴan mata a kowane bango. Daga nesa na hango shi cikin baƙar kwat, ya rame, furfura ta fito masa. Yana bin wani Bature mai jaka a baya, yana masa magana ƙasa-ƙasa, Baturen yana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya bar shi ya tari wani. Na tsaya minti goma ina kallon ɗan uwana ana kaɗa masa hannu.

Da ya gan ni bai rungume ni ba. Ya ce, "Yaya, kun ga kamfanin."

Ya yi mini bayani a tsaye. Aikinsa neman namijin da ke tafe shi kaɗai, baƙo ko ɗan gari, ya hau da shi bene. A can mace za ta zauna kusa da shi, ta zuba masa abin sha, ta kunna masa taba, ta yi dariya in ya yi magana. Awa-awa ake biya.

"Karuwai ke nan," na ce.

"A'a, Yaya. A namu wurin ko hannunta ba ka taɓawa. Hira ce kawai ake saye."

Ban yarda ba. Wa zai sayi hira? A Yantala ka shimfiɗa tabarma bakin titi ka ɗora shayi, kafin ya tafasa mutum biyar sun zauna.

Juma'a

Ranar hutunsa ce. Muka yi sallar Juma'a a wani ɗaki a hawa na uku, muka ci shinkafa da kifi a shagon wani ɗan Pakistan. Nan na isar da saƙon Inna. Ya daɗe yana juya cokali.

"Takarduna sun mutu shekara shida. In na fita ba ni dawowa. In zo gida da me? Ba mata, ba ɗa, ba ko bulo ɗaya."

"Ka zo da fuskarka. Ita aka ce ka kawo."

Ƙarfe shida ya ce in raka shi wani wuri. Ba inda yake aiki ba ne, wani ƙaramin ɗaki ne a hawa na biyar, kujeru takwas. Wata dattijuwa mai wurin ta karɓi rigunanmu. A kusurwa wani tsoho mai kwat yana magana, wata yarinya tana gyaɗa masa kai. Aka kawo mana shayi mai sanyi. Sai wata mace ta zo ta zauna gefen Lawali, za ta yi shekara arba'in, sunan aikinta Rina. Ta dube ni ta ce da Hausa, "Sannu, Yaya."

Na kusa sakin kofin.

Ta danna wayarta ta yi magana, wayar ta juya mini da Faransanci: "Shekara huɗu yana zuwa duk Juma'a. Yana yi mini yarenku awa guda. Ba na jin komai, amma na san inda zan gyaɗa kai. Kalmar da ya fi faɗa ita ce Inna."

Lawali ya sunkuyar da kai. Can ya juya wajenta, ba wajena ba, ya fara magana. Ya ce mata yayansa ya zo daga nesa, ya sayar da filinsa saboda shi. Ya ce mata yana tsoron uwarsa ta shafa fuskarsa ta gane abin da ya zama. Ya ce ya gwada haɗa kayansa sau uku yana kwancewa. Ina zaune taku ɗaya daga gare shi, ni da muka sha nono ɗaya, amma ita yake faɗa wa. Tana gyaɗa kai, tana goge raɓar kofinsa da ɗan ƙyalle.

Awa na cika dattijuwar ta zo ta durƙusa ta faɗi wani abu a hankali. Lawali ya yi shiru a tsakiyar magana, ya ciro yen dubu biyar ya biya. Rina ta raka mu ƙofa, ta sunkuya, ta koma ta zauna gefen wani mutum da ya shigo.

Asabar zuwa Litinin

Kwana uku ina roƙonsa. Na yi faɗa, na yi kuka a bakin titi, mutane suna kauce mini ba tare da sun kalle ni ba. Ranar Litinin ya raka ni tasha. Ya ce, "Ku ce wa Inna baɗi." Ƙofar jirgin ta rufe kafin in ce wani abu.

Yamai, Laraba

Ƙarfe biyu na rana na shiga gida. Inna ta ji takun mutum ɗaya, ba ta tambayi na biyu ba. Na zauna ƙasa gabanta.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci, Inna."

"Yana da mutane a can? Akwai mai zama da shi?"

Na ce, "Akwai wata mai sauraronsa duk Juma'a."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi mata albarka." Ta juya ta kwanta, fuskarta a bango.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa maƙwabtan da suka kula da Inna a bayana. Wanda ya karanta wannan, ya saka Lawali cikin addu'a.