Eppo Doornbos da Tsohon Ogan na Oldewierde

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Eppo Doornbos ya riga ya shanye kofinsa a tsaye, ya naɗe burodi da cuku a takarda, ya loda tsani da akwatin kayan aiki a bayan tsohuwar motarsa. Matarsa Geesje ta ce shekara arba'in da shida da aurensu ba ta taɓa ganin ya gama karin kumallo a zaune ba. Kafin bakwai yana ƙofar gidana. In na yi minti ɗaya ban fito ba, sai in tarar ya sauka yana zagaya motar, yana taɓa tayoyi, yana duba sama, yana duba agogo.

Aikinsa saita ogan ne, wannan babban abin kiɗa na coci mai ɗaruruwan bututai da iska ke busawa. Coci talatin da ɗaya ne a hannunsa, a ƙauyukan nan namu da ke tsakanin gonakin dankali da bangon teku. Da ya shiga, abu na farko shi ne duba ma'aunin zafi. In ya tarar mai gadin coci ya kunna na'urar ɗumama ɗaki don ya kyauta mana, sai ya kashe, domin zafi na sauya muryar bututu. Haka za mu wuni a cikin sanyi, shi a cikin cikin ogan, ni a gaban maɓallai da bargo a gwiwa.

Ni Jantina Wiersema, nawa aikin ke nan, riƙe maɓalli. Mai saiti ba ya iya zama wuri biyu. Dole wani ya danna maɓalli ɗaya ya riƙe, bututun ya yi ta kuka, shi kuma yana sama yana ƙwanƙwasa bakinsa da ɗan mazurarin tagulla har murya ta zauna. Sai ya ce na gaba, in danna na gaba. Shekara ashirin da huɗu ina yin haka. Ina raba wasiƙu a kan keke ya tare ni wata rana, ya tambaye ni ko ina da yatsa da haƙuri. Na ce ban san komai game da kiɗa ba. Ya ce gara haka, masu kiɗa ba sa iya riƙe maɓalli ɗaya ba su tsoma masa waƙa ba.

Amma bai bar ni a jahilcina ba. A lokacin cin burodi, yana tafiya yana dawowa tsakanin bencuna, ya koya mini cewa muryoyi bakwai ne, ta takwas ita ce ta farkon ta dawo a sama. Ya sa na danna ta farko da ta biyar tare, ya ce in rufe ido. Na ji sautin yana karkarwa, kamar mutum biyu na jan igiya ɗaya. Ya hau ya ɗan taɓa bututun, karkarwar ta ragu, ta ragu, ta tsaya cak. Ya leƙo daga sama ya ce iyakar sana'arsa ke nan, saura duk hawa tsani ne.

Ƙarshen wannan wata zai ajiye aiki, yana da shekara saba'in da ɗaya. Sati biyu ke nan ina fara wannan rubutu ina tashi. Na san ba zai so shi ba. Amma akwai abin da aka gani da ido a ƙauyen Oldewierde, kuma waɗanda suka gani suna ta ƙarewa.

Ogan ɗin Oldewierde ya haura shekara ɗari uku, kuma har yau yana kan saitin mutanen dā. Su masu gina shi sun zaɓi wasu muryoyi sun daidaita su tsaf, yadda in an haɗa su za ka ji wani daɗi da ba ka samu a fiyano. Abin da ya rage na rashin daidaito sai suka tara shi a wuri guda. In mai kiɗa ya danna waɗannan maɓallai biyu tare, ogan ɗin ya yi wani irin kuka mai tada tsigar jiki. Kyarkeci ake kiransa. Tsofaffin waƙoƙi an tsara su ne yadda ba za su bi ta kansa ba. Waƙoƙin yanzu kuwa ba ruwansu, ko'ina suke bi.

Shekara tara da suka wuce kwamitin coci ya yanke shawarar a mayar da ogan ɗin saitin zamani. Shugabansu Harm Bultema ne, manomin dankali, mutum mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri. Yana so 'yan badujalar ƙauye su riƙa busa ƙahoninsu tare da ogan, ko matasa sa dawo coci. Yin haka kuwa sai an yanke wasu bututai, an ƙara wa wasu tsawo. Ya kira Eppo ya ba shi aikin. Eppo ya ce ba zai yi ba. Harm ya ce to akwai wani kamfani a birni da ya ce zai yi cikin wata biyu.

A satin nan ban gane Eppo ba. Ya manta akwatinsa a wata coci, muka koma. Ya ɗauki hanyar da ba ita ba har sau biyu. Geesje ta ce ya kwance ƙofar rumbunsu ya sake ɗaura ta alhali ba abin da ya same ta. Daga ƙarshe ya roƙi kwamitin su ba shi yammacin Asabar guda.

Su bakwai suka zo, suka zauna da rigunan sanyinsu. Ya sa mai kiɗan cocin ta buga musu wata tsohuwar zabura. Sannan ya ce ta danna kyarkecin, har Faston cocin, da ke zaune cikinsu, ta toshe kunne tana dariya. Sai ya sauko da bututu ɗaya na dalma, ya sa safar hannu, ya zagaya da shi yana nuna musu inda maƙerinsa ya karce sunan muryar da tsinin wuƙa. Ya ce in aka yanke bakin wannan, ba mai mayar da shi, ko jikokinsu sun yi nadama.

Harm bai ko kalli bututun ba. Ya ce: "Dogo, ka gama? Ranar Lahadi mu nawa ne a nan? Ashirin da uku, har da ni da Fasto. Shekara goma nan gaba wa zai ji wannan daɗin naka, tantabaru?"

Ni da nake zaune a sama na ga kunnuwan Eppo sun yi ja. Ya ce: "Gaskiyarka, Harm. Ba ni da amsar wannan. Amma ba ni shekara ɗaya. In ƙahoninka ba su busa tare da ogan ɗin nan ba, ni da kaina zan riƙe wa mutanen birni tsani."

Harm ya ce mai ƙwanƙwasa gwangwani ne zai koya wa badujala busa? Eppo ya ce in sarkin dankali ya iya shugabancin coci, ai komai ma yana yiwuwa. Aka yi ƙuri'a, huɗu suka ce a jira, uku suka ce a yanke.

Abin da ya yi a shekarar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya karɓi takardun waƙoƙin badujala, waƙa goma sha huɗu, kowace da rabon mutum goma sha shida. Ya zauna a teburin kicin, ko in ce ya tsaya a kansa, ya ja layuka biyar-biyar da rula, ya sake rubuta kowane ɗigo da hannu. Kowace waƙa ya sauya mata mazauni, ya ɗaga ta ko ya sauke ta, yadda za ta zagaye kyarkecin kuma ta dace da muryar ogan. Ba wanda ya sa shi. Da ya kai musu, sai aka gane rabinsu ba su iya karanta rubutun kiɗa sosai ba, haddace wuraren yatsu suka yi tun suna yara. Sababbin takardun cike suke da alamomin ɗaga murya da na sassauta ta, suka ce ba za su iya ba. Mutum biyu suka yi fushi suka daina zuwa.

Sai ya fara koyar da su, kowace Asabar da yamma a zauren ƙauye. Mai gyaran tarakta, ma'aikaciyar jinya, tsofaffi biyu 'yan'uwan juna masu kiwon shanu. Ya zana maɓallai a allo, ya nuna musu mene ne taki tsakanin murya da murya, mene ne rabin taki, da abin da ya sa alama ɗaya a farkon layi take mulkin waƙa har ƙarshenta. Ba malami ne mai daɗin sha'ani ba. Alli yana karyewa a hannunsa, yana fara jimla ya bar ta ya kama wata. Su biyun da suka yi fushi kuwa har gida ya bi su, ya tsaya a ƙofa cikin ruwa, har kunya ta sa suka dawo.

Ranar godiyar kaka aka yi abin. Cocin ta cika, har da waɗanda suka zo don su ga an ji kunya. A waƙa ta biyu wani mai ƙaho ya manta alamarsa, ya saki wata murya da ta sa yara dariya. Ban da wannan, komai ya tafi. Eppo bai zauna ba, yana bayan ogan yana kai-komo a wurin da bai fi taku uku ba. Da aka tashi Harm ya same shi a bakin ƙofa, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ba laifi." Mu da muka san mutanenmu mun san iyakar yabon ke nan. Maganar yanke bututai ba a sake tada ta ba. Matasa ba su cika coci ba, kada in yi ƙarya. Amma mutane na zuwa daga nesa lokacin bazara don su ji ogan ɗin da ba a taɓa ba, badujala kuma na busawa da shi sau huɗu a shekara.

Kai ne wannan, Eppo na Geesje, dogo mai tsani, kunnen ƙauyuka talatin da ɗaya. Kai ne ka ƙi aikin da aka ba ka, ka ɗauki wanda ya fi shi wuya sau goma don kada ƙinka ya zama taurin kai kawai.

A bazarar bana muna saita ƙananan bututai, waɗanda ba su kai fensir ba, masu siririyar murya. Na danna na riƙe. Ya ce daga sama, "Danna mana, Jantina." Na ce na danna. Ya ce in sake. Na saki na sake dannawa, bututun yana ta kuka har cikin haƙorana. Can na ji takunsa a tsani. Ya sauko ya zauna a benci kusa da ni, hannuwansa a kan gwiwa, ba ya taɓa komai. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Ya ce: "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun kakar bara.

"Kika yi shiru."

Na ce na rasa ta inda zan fara. Ya gyaɗa kai, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Da yawa a matsayinsa da sun sayi na'urar da ke nuna saiti a fuskar waya, su ci gaba da aiki ba wanda ya sani. Shi a ranar ya kira Marit Hoving, wadda ta koyi sana'ar a hannunsa kuma yanzu take da nata wurin aiki. Ya ce ta bi duk ogan ɗin da ya taɓa tun bara ta duba ƙananan bututai. Ta ce, "Maigida, ai ba sai kowa ya ji ba." Ya ce sai kowa ya ji. Ya rubuta wasiƙa talatin da ɗaya da hannunsa, ya gaya wa kowace coci cewa kunnensa ya fara cin amanarsa, kuma mai yiwuwa ya bar musu kuskure. Marit ta sami gyara a guda shida. Ya bi ta duka shidan, yana riƙe mata tsani.

Tun kafin ranar ajiye aikin ta zo ya daina fita saiti, yanzu yana gida, kuma Geesje ta ce in ba a samo masa abin yi ba ɗayansu zai bar wa ɗaya gidan. Ya wasa duk wuƙaƙen unguwa. Ni ma ba ta canja zani ba, ƙarfe bakwai nake samun kaina a bakin taga da rigar sanyi a jiki.

Mun gode, Eppo. Mun gode da sanyin da ka sha, da ƙurar da ka shaƙa, da gaskiyar da ka faɗa a kan kanka lokacin da ba wanda zai kama ka. Ku kuma masu karatu, duk mai wata sana'a a hannu ya dubi mutumin nan: ya tsare abin da aka bar masa, ya saurari wanda ya ja da shi, ya sauka da ƙafarsa da lokaci ya yi. Marit na neman mai riƙe mata maɓalli, ni gwiwoyina sun gaji da benen coci. Shi kuma ya ce zai buɗe ajin karanta rubutun kiɗa ranar Laraba a zauren ƙauye, kuma mutum uku kaɗai suka rubuta suna.

Lahadin ƙarshen wata za a yi masa sallama a Oldewierde. Ya ce in akwai jawabi ba zai zo ba, Geesje ta ce a bar mata wannan. Na roƙi mai kiɗa ta buɗe manyan bututan nan na ƙasa, masu girgiza benci, domin su har yanzu yana jin su sarai. Ku zo da wuri, kada ku yi masa tafi, kunya yake ji. In aka ɗauki zabura, ku rera da ƙarfi yadda zai ji ku.